Ɗigo Uku a Kwalbar Gwaggo

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, wasu ma da gangan na manta da su. Amma safiyar Juma'ar da na ɗiga turare sau uku a wata ƴar kwalba, wannan kam har in shiga kabari tana nan tare da ni. Yau gemuna ya yi fari fat, amma in na tuna sai in ji kamar in nemi rami in shige.

Bari in fara gabatar muku da mai laifin. Ni mai gyaran moto ne, wato babur, a unguwar Lazare, nan Yamai. Lekol, makarantar boko, aji biyu na yi, malamin ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu lafiya. Hancina kuwa ya shekara talatin yana shaƙar isansi, wato fetur, da baƙin mai, har ya yi ritaya tun kafin ni. Matata taubashiyata ce, ɗiyar ƙanwar mahaifina, daga Damagaram. Kun dai san wasan taubasai. Tun muna yara nake tsokanarta, aure bai hana ni ba. Na sa mata gishiri a shayi, na ɓoye mata takalmi ranar biki, ita kuma ta rama da baki.

Sana'arta haɗa turare, wurin mahaifiyarta, wato Gwaggona, ta gada. Ba irin na kanti mai alkol, sinadarin nan mai saurin tashi, ba. Mayuka take saye a ƙananan kwalabe, na sandal, na jema, na kanumfari, na wardi, na ɓawon lemu, ta riƙa ɗigawa ɗaya-ɗaya cikin man aduwa, ta toshe, ta ajiye a duhu kwana arba'in. Ta kan ce mini turare kamar baƙi ne. Akwai mai gaisuwa daga bakin ƙofa ya wuce, shi ne lemu. Akwai mai zama ya sha ruwa, su kanumfari da wardi. Akwai kuma mai shimfiɗa tabarma ya kwana, su sandal da jema. Ni kuwa in ce, "To ni wanne ne?" Ta ce, "Kai ai hayaƙin salansa ne, ba a gayyace ka ba kuma ba ka fita."

Gwaggo ta koya mata komai sai haɗi guda, wanda ita kaɗai take shafawa. Ko ni mai mataccen hanci, in na shiga ɗaki na san ta zauna a ciki. Kullum cewa take yi za ta faɗa in lokaci ya yi. Ciwo ya zo ya riƙe mata harshe, Allah ya karɓi abinsa, ba ta faɗa ba. Abin da ya rage a duniya na wannan turaren, ɗan kaɗan ne a gindin kwalba guda.

Da aka sa ranar auren ɗiyarmu ta fari, matata ta ƙudura sai ta gano haɗin, don amarya ta shiga ɗakinta da ƙamshin kakarta. Wata huɗu tana fama. Ta shinshina na Gwaggo, ta shinshina nata, ta ƙara ɗigo, ta rage ɗigo. Ta ce saura abu ɗaya ya ɓuya mata. Duk ta gaya mini wannan, har ta nuna mini kwalbar, amma a lokacin kunnena yana wurin kokawa a rediyo, "uhm, uhm" kawai nake yi.

Ranar Alhamis a fada, dandalin hirarmu, muna shan shayi, na cika baki cewa matata ko ƙuda ya wuce ta kan turarenta sai ta sani. Wani abokina tela ya ce, "Kai dai faɗi kake. Duk cika bakin mata ne." Ya zaro turarensa daga aljihu, irin na kanti mai alkol, mai arahar nan da in mutum ya shafa a unguwar Mawre sai a ji shi can unguwar Bobiyel. Ya ce, "Ɗiga mata wannan mu gani." Ai kamar ya sosa mini inda yake ƙaiƙayi.

Da safe ta fita tsakar gida shanya. Na lallaɓa ɗaki na tarar da tire cike da kwalabe, duk iri ɗaya, babu rubutu, don ita da hanci take karanta su. Sai na yi dabara irin ta masu aji biyu. Na ce kada in ɓata mata mai yawa, bari in zaɓi wadda ta kusa ƙarewa, asarar ba za ta yi yawa ba. Na ɗauki wadda ta fi kowacce ƙarancin turare, na ɗiga na tela sau uku, na girgiza, na mayar. Har ina yaba wa kaina da tausayi.

Na zauna bakin gado ina goge takalmin masallaci, dariya na cin cikina. Ta shigo, ta wanke hannu, ta yi bisimilla, ta buɗe wannan kwalbar. Ko hancinta ba ta kai ba ta tsaya cak.

"Malam, wa ya shigo ɗakin nan?"

Na fashe da dariya na ce, "Allah ya ja zamanin sarauniyar hanci! Wallahi na ci tela!"

Ba ta yi dariya ba. Ta dube ni ta ce, "Ta Inna ce."

Ban taɓa jin kalma uku masu nauyin waɗannan ba. Na ce, "Ɗigo uku ne fa kawai, a tsame su mana." Ku ji magana don Allah, kamar ƙusa ce ta faɗa a tanki. Ta ce a hankali, "Mai in ya shiga mai, wa zai raba su?"

Duk da haka ta gwada. Ta bar kwalbar a buɗe cikin inuwa ko alkol ɗin zai tashi ya tafi da warinsa. Na je masallaci, wallahi ban san abin da liman ya faɗa a huɗuba ba. Da la'asar ta sake shinshinawa, ta miƙo mini. Alkol ya tafi, gaskiya ne, amma ya tafi tare da ƙamshi mai sauƙi na Gwaggo, wanda a cikinsa abin da take nema yake. Wanda ya shimfiɗa tabarma ya zauna daram, na tela ne.

Da ta zage ni, da na ji sauƙi. Ta toshe kwalbar, ta naɗe a tsohon ɗankwalin Gwaggo, ta sa a ƙasan akwati. Ta ba ni tuwo kamar kullum. Na ba ta haƙuri, ta ce, "Ya wuce, ai ba ka sani ba." Na ce, "Kin gaya mini." Ta ce, "Na gaya maka."

Aka yi biki, ta shafa wa amarya wanda ta haɗa da abin da ta iya tunawa. Ina bakin ƙofa ina jigilar kujeru lokacin da yayar Gwaggo, tsohuwa tukuf da ta zo daga Damagaram, ta rungume amarya. Ta ja numfashi ta ce, "Masha Allah, ya yi daɗi. Ya so ya yi kama da na marigayiya." Matata ta yi murmushi ta ce, "Ya so, Inna Babba." Ni na ajiye kujera na fita waje, na ce wa mutane hayaƙin girki ne ya shigar mini ido.

Har yanzu muna tare, har yanzu tana kirana hayaƙin salansa. Amma tun daga ranar ban sake taɓa kayanta da sunan wasa ba, kuma in tana magana ina kashe rediyo. Abin da na koya da tsufana shi ne, in ka ga mutum yana adana abin da ya kusa ƙarewa, to tambaye shi tukuna. Ni na zaɓi kwalbar nan ne don kaɗan ya rage a cikinta, ban tsaya na yi tunanin cewa wannan kaɗan ɗin shi ne duk abin da ya rage mata na uwarta ba.