Takardun Baba Alheri Uku

Ku daina cewa Baba Alheri ta zauna a ƙauyenmu na bayan Sheme don ƙaunarmu. Wa ya tambaye ta?

Unguwarzoma ce. Hukuma ta kai ta karatu Zariya, ta sa hannu cewa za ta yi shekara biyar inda aka ajiye ta. Ta yi biyar ɗin cif. Lokacin kuɗin man fetur ya shigo, asibitoci na ɓullowa a Kaduna, wani ya ba ta gurbi, ya ce zai jira ta zuwa kaka. Abu ɗaya ya rage: takardar saki daga aiki, wadda hukuma ke bayarwa. Kuma ƙa'ida, neman saki sai ya bi ta hannun mai gari ya buga hatimi.

Ta rubuta, ta kai wa Mai gari Barau, ta durƙusa. Ya karɓa da hannu biyu. Kwana biyu sai ga ƙwan zabi cike da ƙwarya daga gidansa. Ta yi godiya.

Wata ya wuce shiru.

“Ranka shi daɗe, takardata fa?”

“Ta tahi, ɗiyata. Hukuma ai raƙumi ce, ba ta gudu.”

Ta rubuta ta biyu. Ƙwan zabi ya sake zuwa. A nan ta fara tunani. Mutumin da ko gaisuwarta da ƙyar yake amsawa, me ya kawo wannan kirki? Ta duba gidansa: surukansa biyu na da ciki, kuma daga nan har bakin titi babu wata unguwarzoma.

Ta uku ta hau motar katako ta kai ofis da kanta. Akawu bai ko buɗe ba.

“Malama, ina hatimi? Koma ki biyo hanya.”

“Na farkon biyu sun iso?”

“Ban gani ba, ban kuma ce ba su zo ba.”

Aka girbe dawa, gurbin ya tafi ga wata. Alheri ta karɓi haihuwar jikokin Barau duka biyu, lafiya lau. Har ta rasu ba ta ƙara cin ƙwan zabi ba, ba ta kuma zargi kowa da baki ba.

To, wani ya riƙe wa mai gari jakar takardu. Wani ya kai ƙwaryar nan. Iyayenku ne, kuma sun ba ku labari. Ku buɗe baki: takardun sun bar ƙauyen ko ba su bari ba?