Ƙwayoyin da Na Kai Barmu

Ɗiyata ta fari, tun da na haife ta ban taɓa kama sunanta ba. Haka muka taso muka tarar a Adar: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa gaban mutane. "Ke" nake ce mata, in ta yi nisa in ce "waccan". Mata na yaba kunyata, ni kuwa sai hura hanci nake kamar an ba ni sarauta.

A Barmu aka kai ta aure. Da cikinta ya tsufa aka kawo mini ita nan Tawa goyon ciki. Ta haifi namiji mai yawan suma, amma a ƙasan gadon bayansa akwai wani ƙulli mai laushi da fata ba ta rufe ba, ƙafafunsa kuma ba sa motsi. Bayan suna da kaɗan Allah ya karɓi abinsa.

Ungozomar likita ni ta ja gefe, don mai jego ba ta jin komai sai kuka. Ta shimfiɗa bakin kallabinta a cinya, ta naɗe shi, gefe ya haɗu da gefe. Ta ce haka bayan ɗan tayi yake farawa, a shimfiɗe, sannan ya naɗe ya rufe kamar ɗinki, daga tsakiya ya yi sama ya yi ƙasa. Sama ya zama ƙwaƙwalwa, ƙasa ya zama laka. Na jikana, ƙarshen ɗinkin ne bai kama ba. Duk wannan a watan farko ake gama shi, tun mace ba ta tabbatar da ɓatan wata ba. Ta ce akwai ƙwaya, asid folik, mai rage haɗarin sosai, amma sai an fara sha tun kafin ciki ya shiga. Wadda ta jira awo ta makara.

Na karɓi ƙwayoyin na jefa a ƙasan kwalla. Surukina ya tafi biɗa, wato ci-rani, can Abijan, na ce da sauran lokaci. Sai ga damina ta matso, motoci sun fara sauke mazan Adar da katifu da rediyo a tasha. Kowa ya san abin da ke biyo bayan dawowar maza. Na rasa yadda uwa za ta dubi ɗiyar fari ta yi mata wannan zance. Na so aika ƙanwata, amma bakinta ba ya riƙe ko ruwa, kuma na san za ta ce a sha in ciki ya fito.

Na hau motar kasuwa da kaina zuwa Barmu. Na tarar da ɗiyata tana surfe, ta rame. Muka gaisa ina duban turmi. Na yi zancen gero, na yi zancen awaki, har rana ta karkata. Daga ƙarshe na kunce bakin zanena na miƙa mata.

"Mai gidanki na tahe. Ki hwara sha tun yau, kullum guda, kar ki jira komi."

Ta sunkuyar da kai, kunnuwana kuwa kamar an zuba musu barkono.

"Inna, ashe kina tuna yaron?"

Na ce mata babu ranar da ba na tunawa.

Shekara ta kewayo ta haifi mace. Kafin a yi mata wanka na karɓe ta, na kifa ta a tafin hannuna, na bi gadon bayanta da yatsa tun daga ƙeya har ƙasa. Sumul, a rufe. Ta harba ƙafa ta same ni a haɓa. Daɗi ya kama ni har na manta ɗakin cike yake da mata. Na juya wajen uwar, na kira ta da sunanta, na ce ta duba.

Ba jaririyar ta duba ba, ni ta duba.