Ƙyauren Baba Ishaku

A garinmu, can gefen hanyar da ta tashi daga Dogon Dutsi zuwa Ɗan Kassari, in aka ambaci Baba Ishaku sai wani ya ƙara da "wanda ruwa ya kora daga kan tudu." Bara waccan abin ya faru. An kawo sabon ma'aikaci a meri, wato ofishin magajin gari, Kamaluddeen, mutum mai himma, aka ce ya zagaya ya tabbatar babu wanda ya saura a gidajen da aka shafa wa jan fenti. Ya hau babur, ya ɓata hanya, ya ɓulla sabuwar unguwar da ke kan fako, inda ruwa ba ya zuwa sai a bayan jaki. Nan ya ci karo da wani ƙyauren kwano mai ƙatuwar alama ja.

"Baba, gidan nan yana kan hanyar ambaliya. Dole ku tashi."

Ishaku ya dubi fako, ya dubi sama, bai yi musu ba. Ya shiga ya ɗauko guduma ya fara cire ƙyauren. Sai da maƙwabta suka fito suna riƙe ciki don dariya suka yi wa baƙon bayani. Abin da ya fi ba su dariya shi ne, da aka ce ya tashi, bai nufi tabarma ko buhun hatsi ba, ƙyaure ya fara nufa.

A Bakin Kori aka haife shi, tsohuwar unguwar da ke gangare. Fenti ne sana'arsa. Ƙofar amarya, amalanken jaki, bangon shago, duk ya shafa, kuma launin da ke hannunsa ranar shi za ka samu, ko me ka ce kana so. Yakan ce lokacin ƙuruciyarsa akuya na tsallake korin nan ba tare da ta yi shawara ba. Daga baya damina ta sake hali: ta makara, mutane su gaji da duban gabas, sannan ta juye na wata guda cikin yini ɗaya. Kori ya yi ta faɗi, ya ci garka, ya ci makewayi, ya fara leƙen ɗakuna.

Meri ta tara kansiloli da masu unguwa da mutanen furoje masu aikin raya karkara, aka yanke cewa Bakin Kori za ta koma kan fako. Ana bukatar mai sa wa gidaje alama, kuma wa za a ba goga in ba Ishaku ba? Haka ya bi gida gida, yana sallama, yana ba da haƙuri kamar shi ya kawo ruwan. Ya shafa bangon da ya ci tuwon suna a gindinsa, ya shafa na limamin da ya ɗaura masa aure. Da ya zo nasa gidan sai ya tuna yana da uzuri a kasuwa. Washegari ma haka.

Matarsa Hure ce ta gaji da maganar mata a bakin rijiya. Hure ba ta taɓa shiga lakwal ba, ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma ta iya duban mijinta.

"Malam, ka yi ma kowa, mu ne ruwa ka jin kunya?"

"Hwentin ya ƙare."

"Ga shi nan bayan randa ka ɓoye. Miƙo."

Ta tsoma goga. Sauran gidaje a bango aka yi musu, ita kuwa ta ce bangonta sabon yaɓe ne, ba za ta ɓata shi ba. A ƙyaure ta ja layi biyu. Ɗaya ya miƙe, ɗayan ya karkace ya zubo da hawayen fenti har ƙasa. Ta ja baya ta duba, ta ce ashe aikin da ake biyansa ke nan.

Alama ta zauna, filaye ba su fito ba. Yau ana jiran mai awo, gobe ana jiran sa hannu, jibi a ce taron ya koma bayan girbi. Ishaku ya mayar da bencin meri wurin zamansa. Can yake ranar da hadari ya haɗo da la'asar. Ya tsaya a baranda ya jira ruwan ya tsagaita, yana ta gode wa Allah saboda gero. Can gangare kuwa kori ya cika ya shiga unguwa. Hure ta riga ta fita da maƙwabta, sai ta koma kwance akuyarta da ke ɗaure a turke. Akuyar ta fito. Sabon yaɓen nan ne ya faɗa kan Hure.

Bayan sadakar uku aka tsinci ƙyauren a ƙasan kori, maƙale a reshen gawo. Filayen kuwa, kafin a yi sadakar arba'in an raba su, kowa ya samu, har da Ishaku. Ya ɗora ƙyauren a amalanke ya hau tudu. Sai da ya auna faɗinsa sannan ya bar wa sabon ɗakinsa ƙofa.

Har yanzu yana fenti, kuma in meri ta kira taron dashen itace ko gyaran magudana, shi ne farkon zuwa, ya zauna a gaba, bai cika magana ba. Ƙofofin sabuwar unguwa duk shi ya shafe su shuɗi da kore. Tasa ce kaɗai ke nan da tsatsa da jan layi.

Rannan taubashinsa Iro ya same shi a ƙofar gida yana wanke goga.

"Kai dai anka ba kunya. Mai hwenti guda, ƙohwarka kamar ta mahauta. Ko jira kake a sake tashinka? Ba ni gwangwanin in shahe maka, kyauta."

Ishaku ya yi murmushi, ya girgiza gogar, ya ɗaga kai ya dubi layin nan da ya karkace.

"Bar shi, Iro. Duk zamanta duniya, wanga kaɗai ta rubuta. In ka shahe, mi zan karanta in na dawo gida?"