Ranar da Yaya Ya Fille Kan Buta

A gidanmu na Wurno akwai wani littafin yara da kakanmu ya zo da shi daga aikin hajji, tun zamanin da ake tafiya ta ƙasa. Ba shi da bango, takardunsa sun yi ja kamar an fesa musu ruwan goro. Rubutun da baƙaƙen Larabci ne, amma malaman gidanmu, duk yawansu da girman rawunansu, ba wanda ya iya fitar da ma'anar layi guda. Anka dai ajiye shi cikin adakar Inna, mahaifiyarmu, tunda abin da ke ɗauke da alif da ba ba a yar da shi.

Hotunan su ne abin kallo. Kifi sanye da takalmi, riƙe da laima, a tsakiyar ruwa. Zomo ya kafa tsani yana tatsar farin wata cikin ƙwarya. Wata buta mai gemu tana gudu da ƙafa huɗu, tsoho na bin ta. Akwai shafin da nake tsallakewa don tsoro: mace ce wuyanta ya fita ta taga, ya zagaye gari, ya dawo ta ƙofa tana leƙen kanta.

Inna ba ta iya karanta shi ba, kuma ba ta damu ba. Yatsa take azawa bisa hoto ta ƙago labari. Butar nan, in ji ta, gajiya ta yi da mai ita, kullum alwala ba salla.

Na girma, na yi aure a Rabah. Tsufa ya kama Inna ta kai. Ta mance mu ɗaya bayan ɗaya, ta koma kirana "baiwar Allah", wani lokaci ta wuni ba ta ce uffan ba. Wata Juma'a ina gyara mata adaka na ci karo da littafin, na aza mata bisa cinya. Ta buɗe, ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce, "Ke, ga ja'irar butar nan!" Sannan ta dube ni ta kira sunana. Ta yi ta zuba labari har la'asar. Daga ranar, kowace Juma'a sai in shiga mota in zo mu buɗe littafi, in samu uwata na awa biyu. Ba ni da wata hanyar isa gare ta sai wannan.

To, sai Yaya. Babban wanmu ne, dillalin albasa a kasuwar Goronyo, ya fara zama wajen karatu gemu ya riga ya yi fari. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne! Ya jiyo cewa mala'iku ba su shiga ɗakin da ke da hoto, ga Inna kuma ƙafa ɗaya a kabari. Ƙona littafin bai yiwuwa, kada a ce akwai sunan Allah ciki. Sai ya jiyo wata kuma, wai in an cire wa hoto kai ya zama kamar itace. Bai tambayi kowa ba. Gidan da malamai sunka cika, ya rasa wanda zai tambaya sai reza.

Wata Juma'a na iso na tarar da shi a zaure, littafi a gefe, ga faranti cike da ƙananan kawuna. Kan kifi, kan zomo, kan matar nan da nake tsoro.

Na ce, "Yaya, mi kay yi?"

Ya ce, "Gyara shi niy yi. Ko kin hi son Inna ta cika ba mala'ikun rahama?"

"To butar fa? Buta rai gare ta?"

"Gemu gare ta," in ji shi, ko kunya babu.

A gidanmu ƙanwa ba ta ɗaga wa wanta murya. Ran nan na ɗaga, har maƙwabta sunka leƙo ta katanga. Na juya shafin na nuna mishi: duk inda ya fille kai, ya yanko rubutun da ke baya, baƙaƙen nan da ya ce yana girmamawa, ga su nan gutsi-gutsi cikin faranti. Na ce ya fiddo wayarsa mu gani, wadda ya cika da hotunansa yana washe haƙora bisa buhunan albasa, kuma da ita cikin aljihu yake shiga gaida Inna kullum safe. Su mala'ikun ba su ganin wannan? Haba! Tsohuwar da ba ta san salla ta wuce ba, abu ɗaya ya rage mata a duniya, shi kaɗai idonka ya gani?

Na so in ɓoye mata, amma ta ji hayaniya, kuma ta san ranar littafi ce. Muna shiga ta miƙo hannu, na ba ta littafin. Ta buɗe, ta kai yatsa wajen butar, yatsan ya faɗa rami ya fito ta baya. Ta juya shafi. Ta sake juyawa. Ta bi su duka har ƙarshe, ba ta tsallake ko ɗaya ba.

Ta ce, "Wa yay yanka su?"

Yaya ya durƙusa. "Ni ne, Inna."

"Da bisimilla?"

"Da bisimilla."

Ta gyaɗa kai. Ta jawo farin mayafinta, ta naɗe littafin a hankali, ta ɗaure bakin, ta miƙa mishi. "To ku kai su ku rufe. Ba a barin gawa ta wuni." Ta juya ta fuskanci bango.

Ya karɓa da hannu biyu yana kuka. Ban tausaya mishi ba, kuma har yau ban tausaya ba. Kowa sai ya ce min ai niyyarsa mai kyau ce. Na sani, ba sai an gaya min ba.

Inna ta ƙara damina guda a duniya. Ban fasa zuwa ba ko Juma'a ɗaya. In na yi sallama sai ta gyara zama, ta jawo min tabarma irin yadda ake yi wa baƙuwa, ta tambaye ni wa nake nema a gidan.