Na'urar Tsakiya Ta Yi Shiru

Jama'a, yau neman layi ya kai ni gidan rasuwa!

Da safe intanet ya ɗauke a shagonmu na Agege. Rutarmu, wato na'urar raba intanet, da ta kamfanin da ke ba mu layi daga Yaba sun daina gaisawa. Dama ba waya ɗaya ce ta haɗa su ba. Sai saƙo ya bi ta na'urar da muka ajiye a benen Malam Iliya mai fata, a Ebute Metta. Shi ke kunna ta kullum bayan asuba.

Oga ya ce, "Kai ka taɓa saitin! In la'asar ta yi ba layi, kwashe kayanka."

Na duba adireshi, daidai. Na duba yawan zangon da aka yarje wa saƙo ya yi, daidai. Na bi sawunsa, ashe a tsakiya yake maƙalewa. Na hau okada ina zagin tsohon nan a zuci!

Ina isa na tarar da tabarmi a ƙofar gida. Inna lillahi! Ashe Malam Iliya ne ya rasu, dawowar mutane ke nan daga maƙabarta.

Ƙaninsa ya riƙe hannuna. "Malam Tanimu, wa ya gaya maka? Allah ya bar zumunci."

Na'urar tana ɗakin da matarsa ta shiga takaba. Da wane baki zan ce a ba ni hanya in kunna?

Na cire takalmi na zauna, aka yi addu'a da ni. Oga kuwa, in ya so ya ba wani aikina. Dama bai taɓa ganin mutuncina ba.