Ragar Baba Dantani

Ban taɓa mantawa da ranar da makarantarmu ta Argungu ta karɓi baƙuncin wasan ƙarshe na ƙwallon kwando na shiyya ba. Lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, ni kuma malamin wasanni ne, wato malamin Turanci da ya fi sauran tsawo.

Ga ƙa'idar, don ku na yanzu. Kafin wasa sai jami'i ya zo daga Sakkwato ya duba fili. In bai gamsu ba, a mayar da wasan gidan abokan karawa, wato Birnin Kebbi, inda yaranmu ba su taɓa cin komai ba sai shinkafa. Wanda ya yi nasara shi zai wakilci shiyya a gasar jiha.

Matsalarmu ɗaya: zobban kwandonmu biyu tsirara suke, babu raga. Na ce a garin masunta raga ba za ta gagara ba. Na sami Baba Dantani, tsohon masunci mai saƙar homa, ragar kamun kifi, na ba shi faɗin zobe. Da safiyar wasan ya zo da tsani ya ɗaura da kansa. Aiki ya yi kyau.

Jami'i ya iso tare da motar Birnin Kebbi. Ya zaga fili, sannan ya ce kyaftin ɗinmu ya gwada jifa. Ƙwallo ta shiga. Muka tsaya jiran ta faɗo. Tana can tana lilo, don Baba ya ƙulle gindin ragar tam.

Malam Bagudu, takwarana na Birnin Kebbi, ya ce, "Argungawa, har ƙwallon ma sai kun kama ta? Ku kai a auna, ko ta ci kyauta."

Jami'in bai yi dariya ba. Ya ce ko a gyara kafin a busa usur, ko kowa ya hau mota.

Na ɗauko almakashi. Baba ya riƙe tsaninsa.

"Malam, mi za ka yi?"

"Baba, hudawa za a yi. Ƙwallon wucewa take."

"Ta wuce ina? Yaran ga su sha wahala su kama abu, kuma ya tsere? Tun da nike ban taɓa saƙa raga mai huda ba. A ji cikin gari an ce aikin Dantani na yoyo?"

Na roƙe shi da girman furfurarsa, na ce in an tafi Birnin Kebbi, Bagudu zai shekara yana mana dariya. Wannan ce ta shige shi. Ya ce ƙarfe dai ba zai taɓa zarensa ba. Ya hau tsani ya kwance ƙulli ɗaya-ɗaya, jami'i na duban agogo, har ya gama ana gab da busawa.

Mun ci wasan da ƙyar. Duk sanda muka jefa, 'yan kallo su yi sowa, Baba ya girgiza kai ya ce, "Ta kuɓuce."

Abin da na koya: in za ka sa gwani aiki, kada ka tsaya ga awo, gaya masa abin da za a yi da shi, don shi ma da sunan da yake karewa. Muna cikin murna na hango Baba bisa tsani yana mayar da ƙullinsa.

"Kun gama, ko? To ba ta kwana haka mutane na wucewa."