Ashirin da Ɗaya

A kamfanin jimar fata da na yi aiki a Challawa, komai lamba gare shi. Gangunan wanke fata da lamba muke kiransu, motocin kamfani ma haka. Da muka faɗa son ƙwallon kwando na Amurka sai muka ɗora a kan wannan al'ada, tunda sunayen 'yan wasan karya harshe suke yi. Lambar rigar mutum ita ce sunansa.

Mu biyu ne mayun wasan, ni da wani dogon mutumin Filato da muke aiki a ganga ɗaya. Ya buga a makaranta a Jos, ni kuwa ban taɓa jefa ƙwallo a kwando ba, baki ne kawai Allah Ya hore mini. Ni a ɗakin maƙwabcinmu mai dish nake kallo a Sharada, shi kuma a gidan kallo can wajen Bompai. Ba mu taɓa zama gaban talabijin ɗaya ba. Amma kwano ɗaya muke cin garau-garau da rana a gindin darbejiya, in ina azumi kuma ya zagaya bayan sito ya ci nasa don kada in gani.

Wata rana na ce a duk masu tsayawa kusa da kwando suna kwasar ƙwallo, na da da na yanzu, ba a yi kamar Ashirin da Ɗaya ba. Mutumin ya ajiye cokali. Ya ce yaron ya iya, amma a haɗa shi da manyan da? Wanda ko kofi bai taɓa ɗagawa ba, sai ihu da dukan ƙirji?

Na ce wane ihu? Mutumin da ko dariya sai an roƙe shi? Kofi kuwa ya ɗaga ya sake ɗagawa. Ya ce a mafarki na gani. Na ce shi dai a bayan ginshiƙi yake zama a gidan kallon nasu.

Haka muka yi ta yi kullum, ma'aikata suna zuga mu. Ni kuwa akwai zuciya, kuma ba abin da na tsana irin a ƙaryata ni a kan abin da idona ya gani. Ranar da ya ce in rantse, mutane suka kwashe da dariya, sai kaina ya ɗau zafi.

Na ce, “Kai da ka zo cin arziki a garinmu, kai ne za ka ƙaryata ni?”

Dariyar ta tsaya. Rabin mutanen da ke gindin bishiyar nan daga Filato da kudancin Kaduna suke. Mutumin ya wanke hannu ya koma bakin ganga. Daga ranar kwano ya zama biyu. Mukan gaisa, mukan miƙa wa juna fata, shi ke nan. Kullum sai in ce gobe zan ba shi haƙuri, in na ga fuskarsa kuma sai in tuna kofin da ya ce babu, in fasa.

Ana nan wutar lantarki ta yi ta wasa da kamfanoni, aka rage ma'aikata, da shi a ciki. Ranar da zai koma gida ya same ni a bakin get, jakarsa a kafaɗa, ya miƙo mini leda.

Ya ce, “Malam, ga rigar gwaninka, a gwanjo na tsinta. Ko bai ci kofi ba, ka sa.”

Na buɗe. Ashirin da ɗaya ce kuwa, ɓaro-ɓaro. Sai dai shuɗiya ce. Gwanina baƙar riga yake sawa mai ruwan azurfa. Wannan ta wata ƙungiya ce daban, ta wani siririn dogo da nakan gani jefi-jefi yana dukan ƙirji, ban taɓa kula da lambarsa ba. Shi kuwa lallai bai ci kofi ba a lokacin.

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Da ƙyar na yi masa bayani. Ya dubi rigar, ya dube ni, sai dariya ta kama shi har ya dafa get. Ni ma na fara taya shi, ina murna abin ya wuce.

Da ya lafa ya share ido ya gyara jakarsa. Ya ce, “Ashe mutum biyu ne. To waccan maganar ta garinku fa, ita ma wani daban kake nufi?”

Na sunkuyar da kai ina jujjuya rigar. Ya ɗan jira. Ɗan acaɓan da ya tare yana ta matsa hon, sai ya hau. Na tsaya da riga a hannu har suka sha kwana.